Wane dokumentari ne ya taɓa tsaya muku a rai?

Malam Mai Alli: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Buƙata ce ta kawo ni. An yi hutu, yara suna gida, kuma na lura da an kawo wuta da daddare kowa sai ya rungumi wayarsa ya koma lungu. Ina so in riƙa tara su muna kallon abu ɗaya tare. Ku taimaka min da sunayen dokumentari, wato shirye-shiryen da aka ɗauki abin da ya faru da gaske, a kan tafiye-tafiye, addini, tattalin arziki ko fasahar zamani. Abin da ya tayar min da maganar, shekaranjiya na ci karo da wani tsohon shiri na Basil Davidson mai suna Africa, na 1984, kashi takwas ne. A kashi na huɗu ya zo Kano, ya shiga fada zamanin marigayi Alhaji Ado Bayero, ana zaman fadanci. Ɗana na aji biyar ya matso har gaban talabijin yana cewa, "Baba, wannan Kanonmu ce?" Tun daren nan nake neman irinsa.

'Yar BUK: Wa alaikumus salam Malam. Tunda ka fara da wannan, ka bi shi da na Farfesa Ali Mazrui, The Africans, na 1986, kashi tara. Shi ɗan Mombasa ne ta ƙasar Kenya, kuma gaba ɗayan shirin a kan magana ɗaya ya gina shi: ɗan Afirka gado uku yake ɗauke da shi, na gargajiya, na Musulunci, da na Turawa. In kana zaune a Kano ba sai an yi maka dogon bayani ba, ka dubi ranar ɗaurin aure kawai. Sai kuma History of Africa na Zainab Badawi, yana kan YouTube a shafin BBC kyauta, kuma a kan littattafan tarihin Afirka na UNESCO aka ɗora shi. Abin da ya burge ni, yawancin masanan da take tambaya 'yan ƙasashen ne da kansu.

Ɗan Kwari: Duk da Turanci ne ko? To mu da Turancinmu iyakarsa ciniki fa?

'Yar BUK: Yaya, na tafiye-tafiye ko ba ka ji duka ba, ido zai ba ka rabi.

Direban Agadas: Gaskiyarta. Ni shekara tara na yi ina ɗaukar kaya daga nan zuwa Damagaram da Agadas, kuma wanda zan ba Malam shi ne Sahara na Michael Palin, 2002. A wani kashi ya je Ingal lokacin taron makiyaya, sannan ya bi ayarin raƙuma na Buzaye masu zuwa ɗauko gishiri ta cikin Tenere. Ku lura da yadda ake ɗaure kaya a kan raƙumi tun da duhun asuba, da yadda ake shan shayi a ɗan ƙaramin kofi sau uku. Wallahi haka abin yake, ban ga ƙari ba. Gishirin Balma da kakanninmu suke saye kantu-kantu a Kurmi ta wannan hanyar yake zuwa. Yaro ya ga wannan zai gane me ake nufi da madugu, me ake nufi da zango, ya daina ɗauka sunan unguwa ne kawai.

Malam Mai Alli: Madalla. Wannan na rubuta shi.

Almajirin Malam: Ta ɓangaren addini zan ce wani abu, amma da sharaɗi. Akwai One Day in the Haram, na 2017, ya bi ma'aikatan Masallacin Harami daga asuba zuwa isha: masu shara, ladanai, masu kula da Zamzam, masu saƙa rigar Ka'aba. Na kalle shi da mahaifiyata, wadda ba ta taɓa zuwa ba, tana kuka tana salati. Wannan ba ni da haufi a kansa. Sharaɗina shi ne kada mu mai da dokumentari malaminmu. Mai kyamara yana da abin da yake son nunawa, yana da abin da ya yanke ya zubar. Hukuncin aikin Hajji a gaban malam ake koyonsa.

Ummu Khairi: Allah ya gafarta Malam, ba wanda ya ce a ɗauki fatawa a fim. Amma akwai abin da ido yake koyarwa wanda karatu bai cika kaiwa ba. Inside Mecca na National Geographic, 2003, mahajjata uku ya bi: ɗaya daga Malesiya, ɗaya baƙar fata daga Afirka ta Kudu, sai wata malamar jami'a daga Amurka wadda haifaffiyar Ayalan ce ta musulunta. Na daɗe ina jin ana cewa a Arfa kowa ɗaya ne, sai da na ga mutum uku da ba abin da ya haɗa su sai kalmar shahada suna tsaye a fili ɗaya, kowa da damuwarsa, sannan maganar ta zauna min. Kuma shirin bai ɓoye wahala ba. Shi ɗan Afirka ta Kudun ya faɗi yadda ya ji ciwon bambancin launin fata da ya gani a can.

Almajirin Malam: Na yarda da wannan, Hajiya. Abin da nake tsoro shi ne yaran da za su kalla ba babba a kusa. Akwai shirye-shiryen da za a kawo wani a ce masanin Musulunci ne, ya yi ta jefa shakku cikin lafazi mai daɗi, yaro ba shi da abin da zai auna maganar da shi.

Malam Mai Alli: Shi ya sa na ce tare za mu kalla. Ni zan fara gani kafin su gani.

'Yar BUK: Akwai wanda ya haɗa tafiya da ibada wuri ɗaya, Journey to Mecca, 2009. An ɗan saka wasan kwaikwayo a ciki, gajere ne, bai kai awa ba. Labarin Ibnu Baɗuɗa ne lokacin da ya bar Tanja a 1325 yana da shekara 21 zai tafi Hajjinsa na farko. Shirin a Makka ya tsaya, amma Malam ka ƙara wa yara da baki cewa mutumin nan ya zo har yankinmu. A 1353 ya sauka Takadda, cikin Nijar ta yau, ya kuma rubuta cewa ana kai tagullar garin zuwa Gobir da Barno.

Ummu Khairi: Kin taɓo min inda yake min ƙaiƙayi, ƙanwata. Ku yi haƙuri zan ɗan yi tsawo.

Kakata ta wajen uba da ƙafa ta je Makka. Tana ƙaramar yarinya iyayenta suka fita da ita daga Kano, da jaki biyu da tukunya da buhun gero. Suka bi ta Barno, suka tsallaka Chadi, suka shiga Sudan ta Darfur. Guzuri ya ƙare, suka zauna a Jazira suna tsinkar auduga a gonaki har suka tara na jirgin ruwa, sannan suka haye daga Sawakin zuwa Jidda. Shekara bakwai suka yi kafin su dawo. Mahaifiyarta a hanya ta rasu. Wasu daga cikin ayarinsu ba su dawo ba sam, jikokinsu suna Sudan har yau suna jin Hausa.

Muna yara in ta fara wannan labarin da daddare, tana zaune a kan buzunta tana jan carbi da hannu ɗaya, mu barci muke ji. Tana da wata 'yar ƙaramar tasa ta jan ƙarfe duk ta lotsa, ta ce da ita aka riƙa auna musu ruwa a wani wuri da suka yi kwanaki ba rijiya. Tasar tana ɗakina yanzu. Ita kuwa ta rasu ba wanda ya ɗauki muryarta ko na minti ɗaya. Sunayen garuruwan da take lissafawa a jere kamar karatu, rabi sun ɓace min. To in na ga an kashe maƙudan kuɗi an bi sawun Ibnu Baɗuɗa, ina murna, amma zuciyata tana ce min namu masu wannan tafiyar fa, wa ya bi sawunsu?

Direban Agadas: Allahu akbar. Allah ya jiƙanta da rahama.

Almajirin Malam: Amin. Hajiya, wannan ya fi duk abin da muka lissafa.

Ɗan Kwari: Allah ya gafarta mata. Bari in jawo mu kasuwa kaɗan, don Malam ya ce har da tattalin arziki. Ni abin da nake so a nuna min shi ne wanda zai fahimtar da ni dalilin da ya sa dila ɗaya ta atamfa da na saya bara, bana kuɗinta ba ya sayen irinta. Tun da aka cire tallafin mai a ƙarshen Mayun 2023, aka saki naira a watan Yuni, kullum sai na aika yaro Wapa ya jiyo farashin dala kafin in faɗi kuɗin kaya.

Akawun Banki: Alhaji, biyu zan ba ka. Na farko Inside Job, 2010, a kan rushewar kasuwar kuɗi ta 2008. A taƙaice: bankunan Amurka suka riƙa ba mutane bashin sayen gida alhali sun san da wuya su iya biya, suka tattara basussukan suka ƙulla su kamar dila suka sayar wa wasu, kamfanonin da aikinsu tantancewa ne suka buga musu hatimin inganci. Da masu gidaje suka kasa biya, sai ginin ya rufto, bankin Lehman Brothers ya durƙushe a watan Satumba na shekarar. Mu ma ta shafe mu. Waɗanda suka ci bashi suka sayi hannun jari a lokacin suna nan suna tunawa, kuma a watan Agustan 2009 Babban Banki, ƙarƙashin Malam Sanusi Lamiɗo Sanusi, ya sauke shugabannin bankuna biyar ya zuba musu naira biliyan 420.

Amma wanda ya fi kama da ciwonka shi ne Life and Debt, 2001, a kan Jamaika da bashin IMF, wato Asusun Ba da Lamuni na Duniya. Akwai wurin da aka nuna masu kiwon shanu suna zubar da madara a ƙasa saboda madarar gari ta waje ta cika kasuwa da arha, tasu ba mai saye. An yi hira da tsohon firaministansu Michael Manley, yana bayanin yadda ya je neman rance aka gindaya masa sharuɗɗa: karya darajar kuɗi, rage kashe kuɗin gwamnati, buɗe kasuwa. In ka cire sunan ƙasar, SAP ɗinmu ce ta 1986, wato shirin gwamnati na gyaran tattalin arziki mai irin waɗannan sharuɗɗa.

Baba Na Sharaɗa: Ɗana, ni ban kalli wannan fim ba, amma na zauna a cikinsa. Shekara goma sha tara na yi a wata masaƙa a Sharaɗa, ina sashen rini. Aiki kashi uku muke yi, na safe, na rana, na dare, injin ba ya hutawa. In aka tashi, kekuna ne suke cika titi har ba ka ganin kwalta, masu abinci da masu goro duk a jikinmu suke ci. Bompai haka, Challawa haka. Sai kayan gyaran inji suka fara gagara saboda dala, wuta ta zama sai an ga dama, baƙin man da muke hura tukunyar tururi da shi ya yi tsada. Aka mayar da aiki kashi biyu, aka mayar ɗaya. Ranar ƙarshe takarda muka tarar a manne a ƙofa. Har yau katin aikina yana cikin aljihun jakata, ban san me ya sa na kasa yar da shi ba.

Ɗan Kwari: Baba, Allah ya saka da alheri, amma zan faɗi wata magana, a yi min afuwa. Kullum in aka zo nan sai a ce mu 'yan Kwari ne muka kashe masaƙu da kayan Chaina. Mace ta zo da kuɗin turmi ɗaya, na gida ya fi ƙarfinta, na waje daidai aljihunta, me zan sayar mata? Kasuwar nan mutum nawa take ciyarwa yau, daga mai shago har ɗan dako? Waɗannan fina-finan na lura kullum mai shigo da kaya ne mugu.

Baba Na Sharaɗa: Ban ce kai ne ba, Alhaji. Kafin kayan waje su ci kasuwa, mu mun riga mun raunana daga ciki. Amma kada a manta da fasa-ƙwauri. Zanenmu ake ɗauka a kai waje a buga, har da tambarin, a shigo da shi ta kan iyaka ba haraji. Da wa za ka yi gasa a haka?

Akawun Banki: Ku biyun kuna da gaskiya, kuma a nan ne zan soki shirin da na kawo da kaina. Life and Debt ɓangare ɗaya ya fi ba baki. Ya nuna laifin masu ba da bashi sosai, bai tsaya a kan yadda shugabannin ƙasa suke kashe abin da suka ranto ba. A kalle shi, amma a riƙe tambayar Alhaji a zuciya. Wanda ya fi adalci a ganina shi ne American Factory, 2019: wani kamfanin gilashin mota na Chaina, Fuyao, ya buɗe a tsohuwar masana'antar General Motors da aka rufe a jihar Ohayo. An bar ma'aikatan Amurka sun yi magana, an bar na Chaina sun yi, an bar mai kamfanin ya yi, ba a ce maka ga wanda za ka tsana ba. Baba, ina jin za ka ga kanka a cikinsa.

Mai Gyaran Waya: Na ga ba wanda ya taɓa fasaha, to fagena ne. Ina kasuwar waya ta Farm Centre shekara goma sha ɗaya. Malam, ka fara da The Social Dilemma, 2020, kuma manyan yaranka su zauna a gaba. Mutanen da suka yi aiki a Google da Facebook da Twitter ne da bakinsu suke bayanin yadda aka tsara manhajojin don ka kasa ajiyewa: jan allo ƙasa don sabon abu ya fito, jar alamar saƙo, bidiyon da yake bin wani ba ka nema ba. Duk daƙiƙar da ka ƙara, talla ce aka sayar. Ni ban buƙaci a gaya min ba. Mutum zai kawo waya allo ya fashe, in ce ya dawo bayan awa biyu, wallahi sai ya ja benci ya zauna yana kallon hannuna, yana tambaya ko za a iya kunna ta haka nan ya duba abu ɗaya. Dattijo fa, ba yaro ba.

Na biyu AlphaGo, yana YouTube kyauta. Wani wasa ne na mutanen gabashin Asiya da ake kira Go, kamar dararmu amma gidajensa 19 sau 19. A watan Maris na 2016 a birnin Seoul aka haɗa gwanin duniya Lee Sedol da kwamfuta, wasa biyar, ta ci huɗu ya ci ɗaya. A wasa na biyu ta yi wani jifa, na 37, masu sharhi suka ɗauka kuskure ne, ashe shi ne ya ci wasan. Ku kalli fuskar mutumin nan. Duk surutun ƙirƙirarriyar basira da ake yi yanzu, a nan na fara gane da gaske ne.

Almajirin Malam: A haɗa wa yara da Science and Islam na Jim Al-Khalili, 2009, kashi uku. Su ji sunan Alkhawarizmi da Ibnul Haisam, su san lissafin da wayar take aiki da shi akwai hannun magabatanmu a tushensa.

'Yar BUK: Ba wanda ya ambaci Sweet Sweet Codeine na BBC, 2018, kuma a nan garin aka ɗauki wani ɓangarensa.

Ɗan Kwari: Da gangan na ƙi. Wannan shirin ya zubar mana da mutunci. Duniya ta ga yaranmu a ɗaure da mari kamar ba su da iyaye.

'Yar BUK: Yaya, na ji zafin da ka ji, ni ma na kasa cin abinci ranar. Amma shekara nawa iyaye mata suna kuka a kan maganin tarin nan ba wanda ya motsa? Shirin yana fita, cikin kwana ɗaya biyu gwamnatin tarayya ta hana haɗa maganin tari mai kodin da shigo da shi. Mutuncin da za a rufe yara suna lalacewa a ƙarƙashinsa, ni ban ga amfaninsa ba.

Ummu Khairi: Ina bayanki. Sai dai abin da ya dame ni tun ɗazu shi ne ya sake fitowa. Fadarmu, wani ne ya zo ya ɗauka. Ciwonmu, wani ne ya zo ya ɗauka. Garin da yake da masana'antar fim guda, da masu kyamara a kowane biki.

Baba Na Sharaɗa: Da muna yara akwai majigi. Mota ce take zuwa ƙofar gidan hakimi bayan magariba, a kafa farin ƙyalle, a nuna noman gyaɗa da auduga da tsaftar gida, wani yana fassarawa da Hausa ta lasifika. Gwamnati ce take koyar da abin da take so, na sani, amma gari guda yake fitowa, kuma kowa yana ji.

Mai Gyaran Waya: To ai fassarar ma muna da gwanayenta. Dubi yadda ake mayar da fina-finan Indiya Hausa, tsohuwa a ɗaki tana bin labari tiryan-tiryan. Da za a nemi izinin masu shirye-shiryen nan a yi musu haka, da Alhaji bai yi ƙorafin Turanci ba. Kafin nan, Malam, dabarar data: ka sauke da daddare lokacin garaɓasa, ka zaɓi ingancin hoto na 360 ko 480, ya isa talabijin ɗin ɗaki. Wanda ke shafin masu shi kyauta, can za ka ɗauka.

Ɗan Kwari: Ni in za a yi na Kwari, ko na marinar Ƙofar Mata, ko yadda hatsi yake tashi daga Dawanau zuwa Nijar da Chadi, da Hausa, a tambayi 'yan kasuwa su faɗi nasu, zan sa kuɗina. Da gaske nake.

'Yar BUK: Hajiya, cikin waɗanda suka yi tafiyar nan da kakarki, ba wanda ya rage?

Ummu Khairi: Akwai ƙanwarta da aka haifa a Jazira. Tana nan cikin gari, ido ya tafi amma hankalinta garau. Tana ma jin Larabcin Sudan har yanzu.

'Yar BUK: Don Allah ki nema mana izini a wurinta. Ni da ƙawata za mu zo ranar Asabar, mata zalla, in ba ta son hoto murya kaɗai za mu ɗauka. Ki zo da tasar nan a sa mata a hannu. Baba, kai ma in ka amince, Asabar ta sama.

Baba Na Sharaɗa: Na amince, 'yata. Akwai mutum biyu da muka yi sashe ɗaya, zan kira su.

Mai Gyaran Waya: Ku biyo ta shago ranar Juma'a bayan masallaci, ina da ƙaramin makirufo na maƙalawa a wuyan riga, aro zan ba ku. Ku kwantar da wayar a kwance, ku jingina ta da wani abu kada a riƙe a hannu, ku sa ta a yanayin jirgi don kada kira ya katse. A kashe fanka. Kuma ku je da hantsi, kafin maƙwabta su tayar da janareta.

Ummu Khairi: Na kira gidan yanzu. Ta ce ku zo, amma bayan ta gama lazimin safe, wajen ƙarfe goma. Ta kuma tambaya ko cikinku akwai mai rubutu da sauri, don sunayen garuruwan suna da yawa.

Malam Mai Alli: 'Yata ta aji shida tana da rubutu mai kyau. Zan haɗo ta da littafi da biro biyu.